Kawu a Bisa Buhuna, Sabon Birki a Ƙasa

Motata akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, tsohuwa, irin wadda ake shiga fadama da ita a fito. Ba taɓon da ya taɓa riƙe ta tsakanin Ambursa da bakin gulbi. Abu ɗaya ne ba ta iya ba, shi ne tsayawa. In ina so in tsaya a Birnin Kebbi, tun daga Ambursa nake fara roƙonta. Sai in yi ta famfon birki, in yi ta yi, sa'an nan in miƙe tsaye bisa shi da duk nauyin da Allah Ya ba ni, wanda ba kaɗan ba ne. Shekara da shekaru haka ƙafata ta dama ta saba.

Saboda wannan hali nata ne Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda muke noman shinkafa tare, bai taɓa zama cikinta ba. Wurinsa bayan bodi ne, bisa kaya, rungume da weji, wani gungumen katako da ya sassaƙa da hannunsa. Da ya ji ta rage gudu sai ya diro, ya bi ta da sassarfa, ya cusa katakon ƙarƙashin taya. Dattijo mai furfura har a gira, amma wurin dirowa ko biri sai ya tsaya ya koya.

Da girbin rani ya matso sai na ce ya isa. Na kai ta gareji, na tafi shagon wani mutumin kudu mai kayan gyara, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Ya fito mini da faya-fayan birki sababbi, masu kauri, da ƙananan huji a jiki, da takalman da ke matse su. Ya ce, "Alhaji, wannan ko ƙuda ya sauka bisa shi, mota ta tsaya." Na yi dariya, don na ɗauka ya fi ni ƙarin gishiri ne kawai.

Bai ƙara kome ba. Ina fitowa daga gareji na taka kamar yadda na saba, sai ƙirjina ya gaisa da sitiyari, hulata ta riga ni isa gilashi. Da can motar nake tsoro. Tun daga wannan rana sai na koma tsoron ƙafata.

Ranar da za mu kai shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, injin casa a Argungu, muka loda buhuna a bakin gona har suka wuce kan mota. Na ga Kawu yana naɗe riga zai hau.

"Kawu, don Allah yau ku shigo ciki. An sake birki."

"An sake mi?"

"Birki. Yanzu tana tsayawa."

"Wagga? Tun kana da wuya, ƙiba ba ta cinye shi ba, nike bin ta da katako. Ba ni barin shinkahwata ga abin da ban gani da idona ba."

"Wallahi kamawa yake kamar kada."

"To ya kama. Kai dai tuƙa."

Ba a ja da kawu a gaban 'yan lodi. Ya hau, ya zauna can gaba bisa buhuna, ya jingina da ƙarfen bayan kan motar, weji a cinya. Ni kuwa na tuɓe takalmi na ajiye gefe, na yi niyyar da babban yatsa kaɗai zan taɓa birkin nan har Argungu.

Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba. Rana ta take, kwalta tana walƙiya, gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a madubi, inda nake hango gefen farar rigarsa tana kaɗawa. In na ga rigar sai in yi numfashi. Masu babur suna wuce ni, wani ma da buhunan albasa har uku ya waiwayo ya ce ko gawa na ɗauko. Ina ta yi wa ƙafata magana a hankali, kamar mai lallashin mahaukacin kare: ke dai ki natsu, ki natsu.

Mun wuce rabin hanya, inda titi ke gangarawa kaɗan, sai wata saniya ta ɓullo daga bayan kalgo, ɗan maraƙinta a gindinta, suka hau kwalta. Ban yi shawara da kowa ba. Ƙafar nan ta manta da duk wa'azin da na yi mata, ta miƙe ta taka da ƙarfin shekarun baya.

Motar ta tsaya cak. Na ji wani gurnani a baya, buhuna suna turo juna, sa'an nan wani abu ya daki rufi, ya gangaro ta gilashi, ya faɗi gaban mota. Weji ne. Na dubi madubi. Babu riga.

Na fito, kwalta tana cin tafin ƙafata ban ji ba. Na duba gaba, babu shi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, ina salati tun kafin in ga abin da nake tsoron gani. Babu shi. Na duba rami gefen hanya. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: da wane baki zan shiga ɗakin mahaifiyata in ce mata na kashe mata ƙane da gyaran mota?

"Kawu! Kawu!"

Bafulatanin da ke da shanun ya iso da gudu, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya kara kunne jikin bodi, ya nuna sama. Buhunan baya duk sun zamo gaba sun rufe wurin da Kawu yake zaune. Daga tsakaninsu yatsun ƙafa ne kawai suka leƙo, ba sa motsi.

Ban san lokacin da na hau ba. Buhun da sai mutum biyu ke ɗagawa, ni kaɗai nake wurgi da shi. Bafulatanin yana ja, ina turawa, ƙaiƙayi yana shiga mana ido. Muka buɗe kafaɗa, muka buɗe wuya. Ya faɗa cikin ɗan ramin da ke tsakanin ƙarfe da kaya, a naɗe, fuskarsa ta yi toka-toka, idanu a rufe. Na riƙe kansa ina kiran sunan Allah. Na daɗe a haka, ko kuwa ni na ga daɗewar, kafin ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi wani tari mai ƙura.

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya, Kawu."

"Ba da katako ba?"

"Ba da shi ba."

Sai na fashe da kuka, ƙato da ni, a bisa shinkafa, shanu suna kallo.

Muka sauko da shi a hankali. Kafaɗarsa ta hagu ta goce, goshi ya kumbura, amma ya taka da ƙafarsa. Bafulatanin ya ba shi ruwa daga gorarsa, ya ɗauko wejin ya miƙa masa. Kawu ya juya shi, ya dubi bayan mota, ya dubi ƙofa. Ya buɗe ƙofar da kansa ya shiga, karo na farko tun da na sayi motar.

Na zauna, na sa makulli. Da na tayar, sai na ji an damƙe mini gwiwar dama. Kawu ne, da hannunsa mai lafiya.

"Tahi asibiti," ya ce. "Wagga ƙahwa kuwa, ba ta motsi sai na sake ta."

Haka muka shiga Argungu, yana riƙe da ita.