Shekarar da Yaya Nasiru Ya Zauna a Benci

Ina aji huɗu a firamare wata ƙungiyar ƙwallo ta kudu ta ɗauki yayana Nasiru. Ba ƙungiyar unguwa ba ce, irin wadda ake biyan albashi ce, ake kuma faɗin sakamakonta a rediyo. Ranar tafiyarsa rabin Unguwar Tudu sai da suka raka shi tashar Gwarzo. Ni ina gefe ina kallo lokacin da yake karɓar furar da Inna ta ƙulla masa.

Inna ita ce mahaifiyar Baba. A ruga ta tashi, kuma duk da ta tsufa a cikin gari, ba ta daina auna komai da shanu ba. Lokacin girbi, in an idar da magariba, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu yaran gida mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama da shi su yi doguwar magana. In ta ga ya rame, mahaifiyarmu take ce wa a ƙara wa mai gidan nan miya. Haka aka raine ta, haka ta tsufa.

Da aka fara kakar wasa, Yaya a benci yake zama. Mako ya bi mako muna kasa kunne a rediyo, ba a ambace shi ba. Ranar da aka sako shi cikin wasa dab da tashi, ƙwallo ta same shi a gaban raga, gola ya riga ya faɗi, sai ya ɗaga ta sama. Kafin gari ya waye bidiyon ya shiga wayar kowa.

Ni ake aika sayen burodi wurin mai shayi, kuma da yake ba na magana, ba wanda yake sassauta murya saboda ni. Wani ya ce kocin ne ba ya son ɗan Arewa. Wani ya ce ƙarya ne, ƙafar yaron ta saba da filin burji, ciyawa santsi take yi masa. Wani tsoho da bai taɓa shiga filin wasa ba ya ce tun daga yadda yaron yake gudu shi ya san ba za a je ko'ina ba. Mai shayin yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi ya ce, "Ai da ni aka sako, ko da ludayin nan sai na ci." Aka yi dariya. Na karɓi burodina na tafi, ina kallon yatsun ƙafata.

A makon ne Kawu Ilu ya zo daga Kabo a kan babur. Yana da shagon taki da maganin feshi. Ya ce wa Baba yana neman wanda zai riƙe masa shagon, Nasiru ya fi so, amma ba zai iya dogon jira ba. Ya ce gara yaro ya dawo da mutuncinsa tun kafin a koro shi. Baba ya yini a gona, ƙaiƙayin dawa duk a wuyansa, ga surutun gari ya ishe shi. Ya ce shi ke nan, gobe da safe zai buga wa Yaya waya ya tattaro kayansa. Kowa ya san in Baba ya ce a dawo, Yaya ba zai yi musu ba.

Inna tana jin su daga ɗaki. Da yamma ta hura wutarta kamar kullum, sai dai ta matso da ita kusa da rumbu, inda Baba yake zaune yana ɗinke bakin buhuna, ya ba mu baya.

"Ku matso, ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta. Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce an yi wani makiyayi da ya sayi farar saniya a kasuwa, mai maraƙi. Da ya kai ta garke sauran shanu suka yi ta tunkuyinta. Ta ƙi kiwo, ta tsaya gefe tana kallon hanyar da aka biyo da ita. Da safe matarsa ta tatsa, nonon ko gindin ƙwarya bai rufe ba. Maƙwabta suka taru. Wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce tun daga ƙahonta ya gane. Ranar kasuwa ya mayar da ita, ya musanyo wata. Ita ma ta tsaya gefe, ita ma ta hana nono, maƙwabta suka sake taruwa. Haka ya yi ta musanya, kowace ta fi ta baya ƙanƙanta, daga saniya zuwa karsana, daga karsana zuwa akuya, har ranar da ya dawo gida da igiya kawai a kafaɗa.

"Baƙuwar saniya riƙe nononta take yi," Inna ta ce, tana tono gyaɗa da tsinke. "Sai ta san warin garken tukuna. Ko yarinyar da ba ta kai ɗaukar ƙwarya ba ta san wannan. Shi ma ya sani, surutun mutane ne ya mantar da shi. Nan ta tsaya, ku ci gyaɗarku."

Ban taɓa yin tambaya a wurin tatsuniya ba. Ran nan na ji bakina ya ce, "Inna, farar ta farko, daga baya ta yi nono?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Wa ya sani, 'yar nan? Shi ma bai sani ba. Abin da ya bi shi har kabari ke nan."

Hannun Baba ya tsaya a kan buhu, basillar tana ciki. Bai juyo ba. Can ya ci gaba da ɗinki. Da safe bai buga wayar ba. Ya aika wa Kawu cewa ya nemi wani ya riƙe masa shagon.

Zan so in ce Yaya ya zama gwani, amma ba haka aka yi ba. Ya gama kakar, an sa shi a wasanni kaɗan, daga ƙarshe suka sallame shi. Ya dawo ya tarar shagon yana hannun wani. Gona yake yi yanzu, da yamma yana koya wa yara ƙwallo a filin firamare. Kawu Ilu har yau in ya zo sai ya yi gugar zana. Inna ta rasu ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Na daɗe ina ganin tatsuniyar nan ta jawo mana asara. Bana ina ajin ƙarshe a sakandare, an sake buɗe kakar wasa, kuma tuni masu buga waya gidan rediyo sun fara cewa a kori koci, a sayar da wane. Muryoyin sun canja, maganar ita ce dai. Jin su kawai gajiyar da ni yake yi.

Kwanaki na kai wa Yaya abinci gona, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya daɗe yana wanke hannu.

"Na buga har ƙarshe, Maryam," ya ce. "Na ga iyakata da idona. Ba a wurin mai shayi aka yanke min ba."

Ya ɗaga murya ya kira Baba daga can ƙarshen kunya. Baba ya ajiye fartanya ya taho a hankali, yana dafa ƙugu. Suka zauna a inuwar ɗorawa, suka sa hannu a kwano ɗaya.