Idon da Sani ya aiko

Jiya mai haɗa waya ya zo sabon gidan da ɗana Sani ya gina mini a Agiye, yana jan layi da alli a bango kafin a yi shafen siminti. Wai hanyar siraran wayoyin kamara ce da Sani ya ce a kafa.

Ya ce, "Baba, ta nan Sani zai riƙa ganinka a salularsa daga Abijan."

Na ce, "To ni fa, zan gan shi?"

Ya sosa ƙeya. "A'a, Baba, shi kaɗai ke gani."

Sani, yaron da sai Sallah yake kira!

Na sa mai wayar ya goge layin, ya karkato da shi gindin bedin da nake shimfiɗa tabarma ni kaɗai tun rasuwar uwar Sani. Ran da ya tuna ya duba, ya tarar da ni.

Masu 'ya'ya a nesa, ku ina za ku ce a kafa?