Ƙasar Gonar Aminiyata

Jikata ta zo mani garinmu Horo Birni a damanar da ƙuduji ya ci gero. Ɗiyar ɗana ce na Bodinga. Ba ta ƙare sakandare ba, amma kanta ya riga shekarunta, har anka ba ta wani karatu irin na jami'a da ake yi ta waya. Ilimin muhalli, in ji ta. Na ce mi ke nan? Ta ce ƙasa da ruwa da itace da iska. Na ce to, ashe abin da munka tsufa a cikinsa ne anka mai da karatu.

Kullum da hantsi sai ta hau tudun bayan gida, don nan kaɗai waya ke kamawa. In ina sussuka sai in jiyo muryar wata mace tana zuba Turanci, yarinya na ta gyaɗa kai ita ɗaya kamar ƙadangare.

Darni ɗaya ya raba ni da aminiyata. Shekara guda anka kawo mu garin nan, zamanin da ɗan ƙasarmu ke mulki, motoci na ta wucewa zuwa Shagari, ana cewa wahala ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kaya sunka yi tsada, soja sunka karɓa, sannan ruwa ya ɗauke. Mazanmu sunka tafi cin rani kudu, ni da ita munka riƙa tonon gidan tururuwa muna sheƙe ɗan hatsin da sunka tara. Mun jiƙa anza har ɗacinta ya fita, mun ci tafasa ba gishiri. Da nonona ya ƙafe, ita ta shayar da ɗana, uban yarinyar nan. Tun daga nan ban taɓa yin sallama ba in zan shiga ɗakinta.

To, malaman cikin waya sunka ce kowane ɗalibi ya ɗebo ƙasa daga wurare dabam-dabam, ya zuba a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya bari ta kwanta, a ga ina yashi ina laka. Yarinya ba ta tambayi kowa ba. A ganinta ƙasa ce, ga ta nan ko'ina. Ta ɗebo ta gonata, ta ɗebo ta fadama inda ake albasa, ta ɗebo ta gonar aminiyata, daidai kusurwar da geron ya tsugune bai tashi ba. Ta jera kwalabe ƙarƙashin rumbu, kowace ta liƙa mata takarda da sunan mai gona.

Ni ma na gan su, zuciyata ta ɗan motsa, amma na gaji ran nan, na bari.

Surukar aminiyata ta shigo aron rariya. Ta iya karatu. Ta tsaya a bakin rumbu, ta daɗe, ta fita ba rariya. Kafin la'asar magana ta kai rijiya. An ɗebi ƙasar gonar mutum, an sa a kwalba, an rubuta sunansa, an ɓoye ƙarƙashin rumbu, kuma ga gero yana mutuwa. A garinmu wannan ba ya buƙatar fassara.

Aminiyata ba ta zo ta tambaye ni ba. Ta dai daina miƙo mani fura ta kan darni. In na ce ina kwana, sai amsar ta zo gajeruwa, kamar an yanke ta da wuƙa.

Ɗana ya ji, ya hawo babur daga Bodinga. Ko ruwa bai sha ba ya ce da ɗiyarsa, "Ba ni wayar."

"Baba, aikin makaranta ne."

"Makarantar da ke sa a kira uwata mai sammu?" Ya juyo wurina. "Inna, in zancen nan ya kai gaban mai gari, karatun ya ƙare. Ta koma ajinsu kamar kowa."

Yarinya ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kaka, ki bari in je in yi masu bayani. Ƙuduji ne, ƙasar ta gaji, ba taki. Zan nuna masu a waya."

Na ce, "Ke da wayarki. Wanda ke tsoron kwalba, allo mai magana za ki kai mashi?"

Na ce ɗana ya zauna ya jira ni. Na yafa mayafi, na ɗauki kwalbar mai sunan aminiyata, na ce yarinya ta biyo ni, kuma kada ta buɗe baki sai gaisuwa. Ban bi ta ɓarakar darni ba. Na zagaya ta ƙofar gida, na yi sallama, na tsaya har anka amsa.

Aminiyata tana zaune a tabarma tana tsinke zogale, surukarta a gefe, da wasu mata biyu da ba aikin komi ya kawo su ba. Munka gaisa, gaisuwa mai tsawo, irin ta baƙi. Na aje kwalbar tsakaninmu.

Na ce, "Ƙawa, ga ƙasarki na kawo. Yarinya ta ɗiba ba izini, ba ta san ana tambaya ba. Karatunsu ne."

Ta ce, "Karatu." Ba ta ɗaga kai ba. "Mu da ba mu yi ba, ba mu san ana rubuta sunan mutum a kwalba ba."

Surukar ta ce, "Gonaki nawa ne a garin nan, sai tamu?"

Na ce, "Har da tawa, ɗiyata. In sammu ne, na fara da kaina."

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya, ta haɗiye. Aminiyata ba ta yi ba. Na dubi fuskarta na ga ba ta gaskata zancen mutane ba, ba ta kuma ƙaryata shi ba. Gero na mutuwa, jikoki sun yi mata yawa, tana neman inda za ta aza abin.

Sai na buɗe kwalbar, na girgiza, na yi bisimilla, na kurɓa. Ruwan laka ne mai ƙarni, yashi na ƙaras-ƙaras a 'yan haƙoran da sunka rage mani. Na ƙara kurɓa. Na ce, "In da cuta a ciki, ta tsaya a kaina."

Jikata ta ce, "Kaka," ta kama hannuna.

Aminiyata ta aje zogalen. Ta ce, "Haba. Ai ba sai kin yi haka ba."

Na ce, "Da kin faɗa kafin in sha."

Ta tashi da ƙyar, dafe da gwiwa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta ba ni in kuskure baki. Ta dubi yarinya ta ce, "Ke, gobe in za ki ɗiba, ki zo in nuna maki inda ta fi lalacewa. Ki gaya ma malamanku su turo taki, ba kwalba ba." Matan sunka yi dariya sosai, zance ya mutu nan, bai kai gaban mai gari ba.

Ɗana ya mayar da wayar kafin ya hau babur. Yarinya ta ci gaba da hawa tudu, ta sake cika kwalbarta, ta ƙare aikinta. Yanzu in za ta ɗebi ko ganye, sai ta durƙusa ta roƙa.

Fura ta dawo ta kan darni, ina karɓa ina godiya. Cikina ya yi ciwo kwana biyu ya bari. Amma ban san ko aminiyata za ta tsai da ni ba in da na kai kwalbar baki a hankali, kuma ban tambaye ta ba. Mun tsufa, ba ni da ƙarfin jin amsar.