Kwalekwalen da Ya Dawo Babu Jalalu

Yasira ɗiyar Malam Wakili ce, mai jirgin fito a Warra. Tana da shekara goma sha biyar aka tsinci kwalekwalen yayanta Jalaluddeen yana yawo a tafkin Kainji, filafili da takalmansa a ciki, shi babu. Kwana uku masunta suna nitso, ba a ga gawa ba. Aka yi zaman makoki. Tun daga ranar Inna Altine, mahaifiyarsu, ba ta ƙara cin kifin tafkin ba.

Kowa a gidan ya san abin da ya faru ana jibi zai ɓace, amma ba mai ɗaga maganar. Karo na uku ke nan Jalalu bai samu makin karatun likita ba, uban kuwa ya tsare shi a bakin ruwa, a gaban fasinjoji, ya ce da haihuwarsa gara ɓarinsa.

Da makoki ya watse, burin uban ya koma kan Yasira. Ta karanci aikin jinya ba don tana so ba, sai don ta kasa kallon idon uban ta ce a'a. Ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti a Yelwa. Can ta fara rubuta labari a wayarta, tana tura wa wani zauren masu karatu babi ɗaya duk Juma'a: saurayi ya ɓace a ruwa, ƙanwarsa tana bin sawu. Masu karatu suka yi ta gardama, wasu su ce dorina, wasu su ce kashe shi aka yi. Ita kanta ba ta san ƙarshensa ba.

Bayan babi na ashirin, saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba: "Kwalekwalen kore ne, ba shuɗi ba. Kuma yaron bai faɗa ruwa ba, jirgin albasa ya shiga."

Nan take ta kira lambar.

"Yaya, kai na?"

Shi ɗin ne. Yana Lokoja, yana gyaran injin jirgi, matarsa ce ke bin labarin har ta karanta masa. Ya ce da fari fushi ya hana shi waiwaye, da ya ji an yi masa sadakar arba'in kuma sai kunya. Shekara tara ke nan.

Ranar Asabar ta iske uban yana kwarfe ruwa daga jirgi, ta gaya masa. Bai ɗago ba.

"Lahiya yake?"

"Lahiya lau, Baba. Da ɗiya biyu."

"Mi yake yi?"

"Gyaran inji."

Ya ci gaba da kwarfa. Can ya ce, "Ki ce mishi injina ya kwana biyu yana tari."

Jalalu ya zo da Babbar Sallah. Inna ta riƙe rigarsa tana kuka, ta ƙi saki har aka kira azahar. Shi da uban suka wuni kan inji, ba wanda ya ambaci jarrabawa.

Bayan ya koma, Malam Wakili ya sa Yasira ta karanta masa labarin. Da ta kai inda uban yaron ya yi maganar nan a bakin ruwa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Haka na ce?"

"Haka ka ce, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya tambaye ta ko aikin asibitin nan tana son shi, ya ce kada ta ɓoye masa gaskiya.