Baƙin Gilashin Walda

Ko zan manta da komai na shekarun aikin dam ɗin Bakolori, ba zan manta da hantsin da aka yi husufin rana ba. A lokacin na shekara biyu ba na magana da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gida ɗaya muke kwana a wani ƙauye kusa da Maradun.

Dalilin kuwa gona ce. Fadamar da mahaifinmu ya bar mana ta faɗa cikin filin da aka auna wa dam. Ina cikin wannan baƙin ciki, sai ga yaron nan ya je ya kama aikin walda wurin masu aikin. Ni dama ga ni da zuciya, nan take na yi rantsuwa hannuna da nasa ba za su ƙara haɗuwa a akushi ɗaya ba. Idan ya gaishe ni, sai in kawar da kai kamar an kira wani. Wadda abin ya fi ci ita ce mahaifiyarmu, Inna. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, kullum maganarta ɗaya: kada ta mutu ta bar mu a haka. Ni kuwa sai in ce mata to, in fita.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Ina gyaran danga sai na ga hasken gari ya dusashe, ya koma irin na la'asar, alhali ko azahar ba a yi ba. Yara suka ɓarke da kiɗan gwangwani, mata suka fito da ƙwarya cike da ruwa suna leƙen rana a ciki, ana ta salati. A wurinmu idan haka ta faru, kowa tashin duniya yake tunawa, sai ka ga ana bi gida gida ana neman gafarar juna. Maƙwabcina da muka yi cacar baki kan akuya ya zo ya riƙe hannuna, na yafe masa ba gardama. 

Ana haka sai ga ƙanena a kan keke, gumi sharkaf. Ya wuce ni ya durƙusa gaban Inna, ya ciro wani ɗan baƙin gilashi daga aljihu, irin wanda suke kare ido da shi wurin walda.

"Inna, ga shi. Da wanga aka dibin ta, ido ba shi lalacewa."

Inna ta ce ba ta iya tashi, sai an kama ta. Matata ta matso, Inna ta ce a'a, 'ya'yanta take so. Haka na kama hannun dama, shi ya kama na hagu, muka fito da ita tsakar gida, ina ta kauce wa idonsa. Ta ɗaga gilashin ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini.

"Amshi ka diba."

Na ce ƙwarya ta ishe ni. Ta ce, "Kai dai taurin kai har yau? In wagga rana ba ta buɗe ba hwa? Da gaba za ku tsaya gaban Allah? In na ishe ubanku, mi ni ka ce mai?"

Ban taɓa jin muryarta ta yi rawa haka ba. Na karɓa. Da na ɗora a ido, sai na ga rana kamar fai-fai da akuya ta cinye rabinsa. Gilashin na neman suɓuce mini, sai na ji an tallafe shi. Hannun ƙanena ne, duk tabon tartsatsin wuta, wani ma bai warke ba. Shekara biyu muna gida ɗaya ban san haka hannunsa ya koma ba.

"Yaya, kak ka daɗe," in ji shi a hankali. Sannan ya ce, "Ka yahe mani."

Ni da nake babba, ni na fara kuka. Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Tare muka tafi masallaci sallar husufi, kafin a sallame gari ya washe. Da muka dawo, Inna ta sa an zuba mana tuwo a akushi ɗaya. Na yi kaffarar rantsuwata da azumi uku, ban taɓa azumin da ya yi mini daɗi kamarsu ba.

Inna ba ta ga ƙarshen damanar shekarar ba. Mu biyu muka shiga kabarinta muka kwantar da ita.

Sai bayan shekaru, muna hira a kasuwar Talata Mafara, ƙanena ya fashe da dariya ya tona asiri. Ashe tun kwana uku kafin husufin aka sanar da su a wurin aiki, aka ce ba zai wuce ɗan lokaci ba. Ya faɗa wa Inna, ita kuwa ta ce ya ja bakinsa, ya dai zo da gilashin. Wato ni kaɗai cikinmu uku na ɗauka duniya za ta tashi. Na kai masa duka da hula, amma raina fes.

Har yau idan na ɗaga hannu ina yi wa tsohuwar nan addu'a, sai na gode wa Allah da ya ba ta wannan dabara. Gona ta tafi ƙarƙashin ruwa, saura kaɗan in tura ɗan'uwana ya bi ta. Abin da na koya shi ne kada in jira sai rana ta dusashe kafin in nemi shiri da nawa, domin ba kowa ke da uwar da za ta shirya masa tashin duniya na ƙarya ba.