Ranar da Jimina ta Ɓace daga Kwalba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jera kwalabe a wani shagon giya da ke Upper Marlboro, kuma tara daga cikinsu na yi su ne ban iya karatu ba. A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, ni ne babba a ɗakinmu, sai aka bar ni a gonar citta, ƙannena suka tafi makaranta. Matata ce ta samu aikin jinya a Amurka, ni kuma na biyo ta da ƙarfina da idona.

Idon ne ya riƙe mini aikin. Kowace kwalba na san ta da kamanninta: tsawon wuya, launin murfi, da hoton da ke jikin takardarta. Giyar inabin Faransa ce ta fi wahalar da ni, don kusan duk hoton wani katafaren gida suke sakawa, da ƙananan rubutu a ƙasa. Sai na riƙa ƙirga tagogin gidan. Mai taga biyar a sama take zama, mai taga bakwai a tsakiya.

Lokacin da na fara aiki, giyar da ake kawowa daga ƙasashen kudancin duniya, wato Chile da Ajantina da Afirka ta Kudu da Ostiraliya, kanta ɗaya tak aka ba ta, can ƙurya kusa da inda nake ajiye tsintsiya. Sannu a hankali mutane suka gano ta. Kuɗin kwalba ɗaya ta Faransa ya ishe ka uku, kuma ka sha ba ka ji kunyar baƙonka ba. Mai shagon, wata dattijuwa 'yar Indiya da muke kira Oga, ta ƙara mata kanta, ta sake ƙarawa, har ta cinye bango guda. Babu wanda ya kai ni murna, don mutanen can dabbobi suke sakawa a kwalabensu. Akwai mai akuya, mai ƙadangare, mai wani tsuntsu da ke tsaye a kan ƙanƙara. Na daina ƙirga taga, na koma kiwo.

Mutanenmu sun ɗan yi jan ƙafa da farko. A ganinsu kwalbar da ake murɗe murfinta kamar ta man gyaɗa ba ta dace da teburin baƙi ba, sai wadda aka sha wahala kafin a zare matoshinta. Amma da mata suka ɗanɗana wata ta Afirka ta Kudu mai hoton jimina, zance ya ƙare. Iri biyu ce, duka jajaye. Jiminar da ke kan jar takarda tana da zaƙi, ta kan baƙar takarda kuwa bauri gare ta, irin wanda ke ɗaure harshe. Duk wanda zai yi suna ko godiya a coci, ni yake nema. Ba su san ba ni da abin da na sani sai hoto ba.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, matata ta rubuta sunana a ajin manya da ake yi safiyar Asabar a ɗakin karatu na unguwarmu. Ina koyo, amma a hankali, yatsa na bin layi, leɓe na motsi. Wata rana malamarmu ta ce kowa ya kawo wani abu mai rubutu daga wurin aikinsa. Wasu suka zo da takardun asibiti, ni na zo da kwalaben jimina biyu da babu komai a ciki. Aka yi ta dariya, amma ranar na koyi kalmar da suke sa wa mai zaƙi da wadda suke sa wa mai bauri. Duk da haka, a shago hotunana na ci gaba da bi, don sun fi sauri.

Sai wani dattijon cocinmu, mutumin Kagoro da ke zaune a Fort Washington, ya tashi aurar da 'yarsa ta fari. Baba muke ce masa. Ya tare ni bayan sujada, ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, ka tuna wadda ka ba ni ranar da surukai suka zo gaisuwa?"

"Mai jimina, Baba. Ta jar takarda."

"Uwar ango ba ta daina zancenta ba. Na riga na yi mata baki cewa ita za a sha ranar biki. Katan shida nake so. Ka da ka bari in zama maƙaryaci a gaban surukai."

"In Allah ya yarda, Baba, ba za ka ji kunya ba."

Na gaya wa Oga, ta yi oda. Biki Asabar, motar kaya kuma sau ɗaya take zuwa a mako, ranar Juma'a da hantsi. Ranar Juma'ar kuwa Oga ta tafi Gaithersburg ganin jikar da aka haifa mata, ta bar ni in karɓi kaya.

Direban ɗan Ghana ne, ya tashi a zangon Kumasi, yana jin Hausa irin tasu. Ya sauke katan shida a ƙofar sito, ya miƙo mini takarda.

"Sa hannu, ɗan Najeriya. Ina da shago takwas a gaba."

Ɗabi'ata ce ba na sa hannu sai na buɗe. Na yanke katan, na zaro kwalba, sai na ga babu jimina. Farar takarda ce fes, da rubutu kawai.

"Wannan ba tamu ba ce," na ce.

"Taku ce. Sun canza takarda, duk shagunan da na je haka ake ta tambayata. Jiminar ta yi ritaya."

"To mai zaƙin ce ko mai baurin?"

"Ni direba ne, ba mashayi ba. Ja ce dai, ga ta nan kana gani."

Na kira Oga, wayarta a kashe. Yarinyar da ke karɓar kuɗi tana fama da layin mutane. In na sa hannu motar ta tafi, sai wata Juma'ar, kuma gobe uwar ango za ta kai kofi bakinta a gaban mutum ɗari biyu. Na ga fuskar Baba a raina.

Na zauna a kan katan, na ɗora kwalbar a gwiwa, na sa yatsa. Layin farko sunan gonar inabin da ke yin giyar ne, na gane shi don ya yi daidai da wanda na gani a aji. Layi na biyu Afirka ta Kudu. Na uku ya ba ni wahala, na yi masa sau biyu, na bar shi. A na huɗu na iske ta, kalmar bauri, ƙarama, a maƙale a gefe.

"Kai, addu'a kake yi mata?" in ji direban.

"Karatu nake yi. Ka ɗan yi haƙuri."

Na buɗe sauran katan biyar ɗaya bayan ɗaya, na karanta kowanne. Duka mai bauri ce.

"Ba ita ba ce. Mai zaƙi muka ce. Bari in duba cikin motarka."

Ya dubi agogo, ya dube ni. "Ku 'yan Najeriya, ko shinkafa ba ku iya dafawa ba, amma gardama kam an ba ku."

"Buɗe dai, ɗan'uwa. Dattijo ne zai ji kunya gobe."

Da ya ji an ambaci dattijo sai ya sassauta. Ya ɗaga ƙofar baya, muka hau tare. Katan-katan ne har rufi, kuma na gonar nan duk farare ne iri ɗaya. Na riƙa bin su da yatsa, shi kuma yana haska mini da wayarsa yana tsokana. Ya ce in da haka nake neman mata da har yau ina gwauro. Ban kula shi ba. Can ciki, bayan kwalayen giyar gwangwani, na ga kalmar zaƙi. Na karanta ta a fili, na sake karantawa. Katan shida ne cif, an manna musu takardar wani shago da ke gaba da mu. Ashe a wurin lodi aka musanya.

Direban ya kira ofishinsu, aka duba, aka ce haka ne. Muka sauke namu, muka mayar da nasu. Da ya ba ni takardar, ya ce, "Da ka sa hannu tun ɗazu, da sai an dawo da ni gobe ranar hutuna. Ka ci kyautar kenke, tuwon masarar nan namu, mako mai zuwa."

"Ka haɗo da kifi," na ce.

Da yamma Baba ya zo da motarsa. Ya zaro kwalba, ya juya ta gaba da baya, fuskarsa ta canza.

"Ɗana, ina tsuntsuwar?"

"Sun cire ta, Baba, amma ita ce. Ga inda suka rubuta." Na nuna masa wurin.

Ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai, bai dai saki jiki sosai ba.

Washegari a zauren biki, bayan an shigo da amarya ana ta rawa, na hango an cika wa uwar ango kofi. Ina can teburin baya da matata, na kasa cin abincin da ke gabana. Matar ta ɗaga kwalbar ta dube ta da shakka, ta kurɓa kaɗan, ta tsaya. Sannan ta jefa ƙanƙara biyu a ciki, yadda mutanenmu suke yi duk da na sha hana su, ta juya wajen Baba ta ce wani abu da ya sa shi fashewa da dariya.

Baba ya ratso mutane har teburinmu, babbar rigarsa tana jan kujeru. Ya dafa kafaɗata.

"Ta ce wannan ma ta fi waccan daɗi. Ta ce a ajiye mata biyu ta tafi da su gida."

"Ita ce dai waccan ɗin, Baba."

"Na sani. Kai dai kar ka gaya mata."

Matata ta turo mini farantina, ta ce to yanzu sai in ci abinci kafin ya huce. Na ci, na ƙara, sannan na tashi muka shiga filin rawa.