Fasinjan Ranar Laraba

A tashar Babura wani dogon dattijo yana zaune cikin motar Kano. Rigarsa ta sha guga, hannunsa yana rawa bisa gwiwa, bai kuwa ɓoye shi ba. Da gani kwalba ta daɗe tana cin jikin nan.

Wani dillalin hatsi ya leƙo ta taga yana murmushin ƙeta. "Babagana, asibitin za a koma?"

"Wane asibiti?" Dattijon ya ɗaga murya har 'yan kamasho suna waiwaye. "Taron masu barin giya za ni. Wata bakwai ke nan rabona da ita."

Sai ya daki kujerar gefensa da tafin hannu. "Shigo, Maikasuwa. Ai tare muka sha."